Maigida, da gaske ba ƙusa ke riƙe da ginin nan ba?

Ka zo mini da hoton ɗakin bautar Sinawa a waya, kana tambaya ko da gaske ba ƙusa ke riƙe da shi ba, kuma yaya aka yi katako ya haura shekara dubu bai ruɓe ba. Jawo benci ka zauna.

Wanda ka nuna mini sunansa Foguang, wurin ibadar mabiya Buda ne a yankin dutsen Wutai, lardin Shanxi. A 857 aka gina babban zaurensa na gabas, zamanin daular Tang, bayan wani sarki ya sa an rurrushe irin waɗannan wurare a 845. Shekarunsa sun ɓace wa mutane, sai a 1937 da Liang Sicheng da matarsa Lin Huiyin, masana tarihin gine-ginen ƙasar Sin, suka je. Ita ce ta hango rubutu a ƙasan wani gungumen rufi: sunan matar da ta ba da kuɗin aikin. Suka duba dutsen da aka kafa a gaban zauren, sai ga sunan nan, ga kuma shekarar.

To, ga inda aikinmu na kafinta ya shigo. A ginin ƙasa namu, bango ke ɗaukar azara. In ya sha ruwa ya zube, rufi ya bi shi. Su kuwa bango bai ɗauki komai ba, kariya ce kawai. Ginshiƙan katako ne ke ɗauke da rufi, kuma ba a binne su, a kan dutse ake ɗora gindinsu, don kada laimar ƙasa ta ci su.

A kan kowane ginshiƙi akwai abin da suke kira dougong. Ka ɗauki guntun katako mai kusurwa huɗu, ka fafe masa gurbi, ka zaunar da wani mai kamar hannu a ciki. A bakin hannun ka ɗora wani guntun, a kansa wani hannun da ya fi tsawo, hawa-hawa, kowane yana ƙara leƙowa waje. A Foguang tulin nan ya kai wajen rabin tsayin ginshiƙin, shi ya tura bakin rufi waje kusan mita 4. Ruwan sama can nesa yake zuba, ina zai ga katakon balle ya ruɓar da shi?

Kada dai ka je kana cika baki cewa ko ƙusa ɗaya babu. Ƙananan abubuwa ana buga musu. Gangar jikin ce haɗi zalla. Nauyin rufin yumɓun da aka gasa shi ke danne haɗin ya zauna daram, in kuma ƙasa ta girgiza sai ya ɗan motsa, ya yi ƙara, ya koma gurbinsa. Hasumiyar katako ta Yingxian, mai tsayin mita 67, tun 1056 take shan girgizar ƙasa a haka.

Gobe ka tattaro guntayen maɗacin da ke bayan shago, ka wasa kurfinka. Hawa biyu kawai za ka yi mini, kuma in na ga gam a jiki, sakewa za ka yi.