Amsar Baffa kan rufin asiri da kuɗin taransifoma

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi bayan la'asar, don idon ya soma gajiya da ƙananan rubutu. Sai da na yi murmushi da ta zo wurin da ka ce malaminku na falsafa ya tambaye ku ko Bahaushe yana da tunaninsa na kansa game da daidai da ba daidai ba, ko kuwa al'ada kawai yake bi ido rufe. Da ta ci gaba kuwa sai jikina ya yi sanyi. Ka ce kun yi karo-karo a layinku don gyaran taransifoma, kuɗi ya shiga hannun ma'ajin ƙungiyarku, lissafi ya ƙi fita, dattawa sun ce a bar maganar a rufa masa asiri, kai kuma kana so ka saka sunansa da hotonsa a WhatsApp na unguwa. Sannan ka tambaye ni wai wannan rufin asirin al'adar kirki ce ko tsoro ne kawai muke kira da suna mai daɗi.

Ka ajiye wayar nan tukuna, ka ji wani abu da na gani da idona.

A 1973 aka yi canjin kuɗi, aka bar fam da sule da sisi aka koma naira, fam ɗaya naira biyu. Shekarar ce kuma fari ya kai maƙura, zamanin Gwamna Audu Bako. Ina saurayi lokacin, ina zaman rumfar kakanka a kasuwar Kurmi a nan Kano. Ka san shi fatoma ne. Baƙi daga Agadas da Damagaram a gidanmu suke sauka, su kawo kanwa da gishiri da dabino, su koma da rawani ɗan Kura da takalma da kayan sirdi. Fatoma kuwa aikinsa bai tsaya ga ba da ɗaki da tuwo ba. Shi ke nemo mai saye, shi ke tsayawa a kan ciniki, shi ke riƙe ajiyar baƙo shekara da shekaru, ba takarda ba shaida. Da farin nan ya yi tsanani sai Buzaye suka riƙa shigowa birni a ƙafa. Mutanen da muka sani da garken raƙuma, ga su suna neman aikin gadi a Fagge da Bompai.

Cikinsu akwai wani tsohon baƙon gidanmu. Dabbobinsa sun ƙare ƙurmus, ya baro iyali a hanya. Abin da ya rage masa a duniya fam 80 ne da ya taɓa bari ajiya wurin wani dillali maƙwabcinmu, a wani zuwa da ya yi ya tarar kakanka ya yi tafiya. Ya je karɓa, aka ce gobe. Gobe ta yi, aka ce jibi. Da ya gaji sai ya sami kakanka da dare ya gaya masa a hankali, ba ɗaga murya. Kakanka bai ce uffan ba. Ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya daɗe yana tauna nasa, sannan ya aike ni wurin mai unguwa da liman, ya ce in ce musu yana neman su bayan lisha, kada in ƙara ko kalma ɗaya a kai.

A soron mai unguwa aka zauna. Aka kori yara, aka tura ƙyaure. Ni ma da an kore ni, sai dai ni ne na yi boko, ana bukatar mai rubuta lissafi, don haka aka ba ni fitilar ƙwai da littafi aka ce in zauna daga lungu. Buzun nan ya kwance takobinsa ya ajiye a gefen tabarma, amawalinsa ya rufe baki, idanu kawai ake gani. Dillalin ya shigo da sallama, ya ga waɗanda ke zaune, ya gane. Har yanzu ina ganin yadda yake murza gefen rigarsa da yatsu.

Abin da nake so ka lura da shi, ba shaida ko ɗaya. Da ya ce bai san zancen ba, sai dai a kai ga rantsuwa. Liman bai ɗauko Alƙur'ani ba, bai ma ambace shi ba. Mai unguwa ya fara da gaisuwa doguwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi maganar tsadar gero, kamar ba abin da ya tara mu. Can sai ya ce, Malam wane, bashi hanji ne yana cikin kowa, ba wanda zai yi maka gori a kansa a nan. Amma ajiya ba bashi ba ce. Ga mai ita ya zo.

Aka yi shiru mai tsawo. Sai mutumin ya cire hularsa ya ajiye a gabansa, dattijo mai furfura, ya ce ya taɓa kuɗin. Ya aurar da 'ya da wani kaso, ya sa sauran a fatauci da niyyar mayarwa kafin mai shi ya dawo, fataucin ya karye. Yana magana hawaye na bin gemunsa. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon littafi, don ban taɓa ganin babba yana kuka ba sai a gidan mutuwa.

Wanda aka fara juyawa wurinsa Buzun ne. Liman ya ce masa haƙƙinka ne, in kana son gaban alƙali da safe mu da kanmu za mu raka ka, ba mai ganin laifinka. In kuma ka yarda a gama a nan, ba za ka bar garin nan da ragin kwabo ɗaya ba. Ya ce shi kuɗinsa yake so ya je ya ciyar da 'ya'yansa, ɗaurin wani ba zai zama gero ba. Nan take aka hau lissafi, ina rubutawa. Naira 160. Mutumin zai sayar da kekensa Raleigh da babbar rigarsa ta sallah, zai ba da jinginar wata 'yar gona da ya gada a bayan ganuwa. Abin da ya rage kakanka da mai unguwa da wani attajiri da aka kira daga baya suka cika, aka rubuta shi bashi a kansa, ba kyauta ba. Ya yi shekaru yana biya kaɗan-kaɗan, ni nake soke lissafin. Buzun ya ƙirga kuɗinsa cif a gaban kowa kafin ya kama hanya.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a soron ba amma aka yi shi. Daga ranar ba a sake kai wa mutumin nan ajiya ba. In baƙo ya tambaya, sai kakanka ya ce kai wurin wane, ya fi kusa da masaukinka. Kuɗin gyaran masallaci da a da shi ke tarawa, aka ce an ɗauke masa nauyi saboda shekaru. Ya gane, mu da muka zauna mun gane, sauran unguwa ba su san komai ba. Ko kakarka ba ta ji ba har ta koma ga Allah. 'Ya'yansa suka yi aure a unguwa ba wanda ya taɓa nuna su da baki. Yanzu ma don duk sun rasu ne nake ba ka labarin, kuma ba za ka ji sunan gidan daga bakina ba.

Muna komawa gida a daren, ina riƙe da fitila a gaba, kakanka ya ce da ni, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya ce in ka tozarta mutum a kasuwa ka raba shi da abin da zai ji kunyarsa, wanda kuwa ba sauran kunya a idonsa, unguwa ce za ta sha wahalarsa. Limamin nan kuma abin da yake yawan faɗa a karatun zaure shi ne, laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa Allah yana yafewa in Ya so, haƙƙin wani kuwa sai mai shi.

To ka duba abin da dattawan layinku suka ce maka, ka auna da wannan. Sun ce a rufa asiri. Ban ji ka ce sun ce a dawo da kuɗi ba, ban ji an ce a karɓe littafin daga hannunsa ba. Abin da ke damuna da zamanin nan ke nan. Mun riƙe rufewar, mun saki mayarwar. A wancan soron mai haƙƙi mutum ɗaya ne, yana zaune, an tambaye shi ya yarda. A naku fa? Bazawarar da ta ba da ɗari biyar daga cinikin ƙosai, da tela da ya rufe shago saboda rashin wuta, wa ya tambaye su? Dattijo ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba, komai furfurarsa.

Ka gaya wa malamin naku cewa garin nan ya daɗe yana wannan muhawara. Zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili, babban malamin nan da ya zo daga Arewacin Afirka, ya zauna a Kano ya rubuta masa abin da ya wajaba a kan mai mulki, yana ta nanata masa cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Zuriyar da ake danganta masa tana nan a Sharifai. Bayan an soma jihadi a 1804, Malam Abdullahi ƙanin Shehu Ɗanfodiyo ya ga wasu abokan tafiya sun karkata ga dukiya da sarauta, ransa ya ɓaci ya kama hanyar Makka. A nan Kano aka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta wa mutanen gari littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a. Bai ce a yi shiru don 'yan'uwa ne ba.

A gidanmu ma an yi ta. Ƙanin kakanka ɗan jam'iyyar NEPU ne tun ba a daɗe da kafa ta ba a 1950, ya sha bulala ya sha ɗauri a hannun En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin, saboda ya tsaya a fili ya yi maganar haraji da aikin tilas. Kakanka kuwa mutumin fada ne a zuciya, yana ganin rashin kara ne talaka ya kira sunan hakimi a bainar jama'a. Sai su yi musu har muryoyi su tashi, a kawo tuwo su sa hannu a akushi ɗaya. Ƙanin nasa yakan ce, Yaya, kara ana yi wa wanda ya faɗi ne, wanda ke tsaye a kan wuyanka ba kara yake bukata ba. Na ga ranar da ya yi kukan murna a 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, na kuma ga irin mutanen da suka cika Gwammaja a watan Afrilun 1983 da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, ya rasu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana faɗa wa masu iko gaskiya a fili, bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba.

Yau abin ya juye. Yaro ya ɗauki waya a kasuwa, a taru a kansa da duka, a ɗauki hotonsa a watsa duniya ta gani, uwarsa ta kasa fita unguwa. Wanda kuwa ya haɗiye kuɗin asibiti ko na makaranta, shi ake matsa wa a sahun gaba, a kira shi uban taro a ɗaurin aure, in an yi magana a ce a rufa asiri. Ku kuma matasa kun ga wannan kun fusata, ban ga laifinku ba, amma sai fushin ya sauka a kan wanda hannunku ya kai, a cikin daƙiƙa ɗaya, da abin da ba ya gogewa. Hoton da ka saka yau, ɗan mutumin nan zai gan shi ranar da ya je neman aure.

Ban san ma'ajin naku ba. Ban sani ba ko irin dillalin nan ne da bukata ta kayar, ko kuwa mai ido a tsakar ka ne da ya saba. Waɗannan biyun ba a yi musu magani ɗaya, kuma daga nan inda nake zaune ba zan iya rarrabewa ba. Ka kuma tambaye ni in dattawa sun ƙi motsi sam, ko ya halatta ka fasa ƙwai. Wannan sai mun zauna, don kakanka da ƙaninsa ma har suka rabu ba su daidaita a kai ba, ni kuma na ji daɗin maganar kowannensu.

Kafin nan, ka nemi mutum biyu cikin waɗanda suka ba da kuɗi, masu hankali ba masu zafin kai ba, ku sami mai unguwa a gidansa, ba a ƙofar masallaci ba. Ku gaishe shi yadda ya kamata. Kada ku ce ɓarawo, ku ce kuna so a karanta wa jama'a abin da aka tara da abin da aka kashe, a kuma sa ranar da za a cike giɓin, a miƙa littafin lissafin hannun wani. Dalilin da ya sa kuɗin ya yi ƙasa, wannan ana iya barin sa a soro. Ka zo mini da kwafin lissafin ranar Juma'a bayan an sauko, ka biya ta Kurmi ka taho mini da goro fari. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata na ji ciwon ƙafar ya yi sauƙi.