Tambaya da Amsa: CK One ko Light Blue a Zafin Gombe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a Gombe, kuma da zarar bazara ta kama, humra da turaren wuta sukan yi mini nauyi har kaina ya yi ciwo. Mai shagon turare ya nuna mini CK One da Light Blue na mata, ya ce dukansu ƙamshin lemo gare su. Kuɗina na kwalba ɗaya ne, wanne zan ɗauka? Daga mai karatu a Tumfure.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mai shagon bai yi ƙarya ba, sai dai ƙamshin lemon da ya burge ki shi ne zai fara barin jikinki, domin man da ake tatsa daga ɓawon lemo saurin tashi gare shi, balle a watannin Maris da Afrilu da zafin Gombe kan kai maki 40. Saboda haka abin da ya kamata ki duba shi ne ƙamshin da ya rage bayan awa biyu.

Kamfanin Calvin Klein na Amurka ne ya fitar da CK One a 1994, an kuma yi shi don maza da mata. Da fari za ki ji bagamot, wani lemo da ake nomawa a kudancin Italiya, sannan koren shayi, daga ƙarshe miski mai laushi kamar na wankakken tufafi. Ba ya damun abokan aiki, amma a fata mai gumi da wuya ya kai azahar.

Light Blue na kamfanin Dolce & Gabbana kuwa a 2001 ya fito. Lemun tsamin tsibirin Sisili na Italiya ne da koriyar tuffa ake fara ji a sama, amma ƙarfinsa yana ƙasa, inda ƙamshin itace da ambar da miski suke kama fata su zauna bayan lemon ya tafi. Wannan itacen ne wasu ke jin ya yi musu kaifi idan ya haɗu da gumi, don haka feshi biyu ya wadatar. Ni dai shi zan ba ki shawara ki ɗauka, tunda hancinki ya saba da humra, kuma CK One zai yi miki kamar ba ki sa komai ba. In kuwa kwalbar ta ku biyu ce da maigida, to CK One ya fi dacewa.

Dukansu da alkohol a ciki, idan kina cikin masu kauce masa lokacin salla. Kada ki fesa su a mayafin da aka turara, hayaƙin zai danne lemon, kada kuma ki bar kwalbar a mota, zafi na lalata ta. Jabunsu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka ki sa a fesa miki ɗaya a wuyan hannun dama, ɗayan a na hagu, ki je ki gama cefanenki, sannan ki shinshina kafin ki biya.