Tambayi Likita: Ciwon diddige da maganin gargajiyar Indiya

Tambaya: Likita, tuwo nake sayarwa, shekarata 47. Da asuba in na sauko daga gado, ji nake kamar na taka ƙusa da diddigena, sai na ɗan zagaya yake lafawa. Mene ne wannan?

Amsa: Sannu Hajiya. Akwai wata jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu, ita ke ɗaure da tafin ƙafa. Yawan tsayuwa, ƙiba da silifas marar tudu ke gajiyar da ita. Cikin dare sai ta takure, takun farko ya fizge ta. Kafin ki sauko, ki rataya zane a tafin ƙafar, ki ja yatsun wajenki na daƙiƙa 30, sau uku. Da yamma ki murza robar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafar na minti 10. Ki daina yawo ba takalmi a kan siminti. Yawancin masu ciwon kan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba.

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Indiya ya ce masu maganin gargajiyar ƙasar, wato Ayurbeda, suna warkar da ciwon diddige da wuta. In gwada?

Amsa: Alhaji, su suna kiran ciwon Vatakantaka, "kantaka" kuwa ƙaya ce, sunan ya dace. Suna tausa da mai mai ɗumi, suna gashi da bulo da aka ɗumama. Waɗannan kan sassauta zafi, ba na hanawa. Wanda ɗanka yake nufi shi ne agnikarma: a gasa tsinken ƙarfe a ɗiɗɗiga a diddige, ɗan'uwan lalas ɗinmu ke nan. In kana da ciwon suga, kada ka kusance shi, ko bulon ma. Ƙafar mai suga ba ta jin ƙuna sosai, gyambonta kuma ba ya saurin warkewa. Magungunansu na sha ma a yi hattara da su, an sha samun dalma da zaiba a wasu haɗe-haɗen.

Tambaya: An ce allura a diddige ke kashe shi nan take.

Amsa: Tana kwantar da shi na 'yan makonni, amma maimaita ta kan cinye kitsen diddige, har jijiyar ta tsinke. Ni sai an yi watanni ana miƙa ƙafar ba sauƙi nake tunaninta.