Amsa: Me ya sa AZ91 ke tsagewa, kuma taurinsa bai ƙaru sosai ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana aikin kammala digiri a Jos, ka matse guntun AZ91 (ƙarfen magnesiyam da aka gauraya da alminiyam da ɗan zinc) a sanyi ya tsage, ka kuma gasa shi amma taurin da ya ƙaru kaɗan ne, ba kamar na alminiyam ba.

Tsagewar daga tsarin magnesiyam take. Ƙwayoyin zarransa (atom) jere suke cikin siffa mai kusurwa shida, kuma a zafin ɗaki shimfiɗar ƙasan wannan siffa ce kawai ke zamewa cikin sauƙi, kamar tabarmi da aka jibge. Sauran hanyoyin zamewa sai zafi ya haura digiri 200 na Salshiyas suke buɗewa. Don haka ka ɗumama shi tukuna, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

Batun tauri kuwa, abin da ke fitowa a cikin ƙarfen lokacin gasawa shi ne Mg17Al12, wani haɗin magnesiyam da alminiyam mai siffar faya-fayai. Faya-fayansa kwanciya suke yi a kan wannan shimfiɗar maimakon su gitta ta, shi ya sa ba sa tare zamewa sosai. Wasu ma a bakin iyakokin tsabar ƙarfen (grains) suke taruwa da kauri. A WE43, wani gaurayen magnesiyam na daban, faya-fayan da ke fitowa wasu iri ne, gittawa suke yi, taurin ya fi.

Ka duba ko kafin gasawa ka fara riƙe ƙarfen a wajen digiri 415 na sa'o'i da yawa don alminiyam ɗin da ke cikinsa ya saje da magnesiyam, ka sanyaya da sauri. Da yawa a nan suke tuntuɓe. Kada ka kusanci 437, wani sashe zai narke.

Garin da ke zuba wajen yanka yana kama wuta, kuma ruwa ƙara masa yake. Ajiye busasshen yashi kusa.

Don ganin faya-fayan da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa (electron microscope), tuntuɓi malaminka ko cibiyar bunƙasa harkar ƙarafa ta ƙasa, NMDC, da ke nan Jos su nuna maka inda za ka samu.