Dutsen da ba ya faɗin shekarunsa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Italiya ka yi digiri na biyu a ilimin duwatsu, kuma ka ji labarin wata na'ura da ake ba ta ɓallin dutse ta faɗi shekarunsa. Na'ura kam akwai. Sai dai dutsen da na shekara uku ina fama da shi, ba ta hanyar nan aka san shekarunsa ba.

Dolomait ne. Ya ci sunan wani Bafaranshe, Déodat de Dolomieu, wanda a 1791 ya ba da bayanin wani dutse mai kama da na farar ƙasa, amma in an ɗiga masa asid da ƙyar yake kumfa. Har gobe gwajin nan muke yi da 'yar kwalba a aljihu: na farar ƙasa ya tafasa nan take, dolomait ya yi shiru sai ka kankare garinsa da wuƙa. Makona na farko na bi wani rafi ina ɗiga asid a kan duwatsun da ruwa ya gangaro da su daga sama, na cika shafi huɗu da bayanin abin da ba na wurin ba ne. Malamata ta duba, ta yi murmushi, ta ce gobe ma rana ce.

Shimfiɗar dutsen da nake aiki a kanta Italiyawa na kiranta Dolomia Principale. Ita ce jikin tsaunukan nan uku na Tre Cime di Lavaredo da kake gani a hotuna, kuma a wasu wuraren kaurinta ya haura mita 1,000. Ka tsallaka Ostiriya sai ka ji Hauptdolomit. Ma'anar ɗaya ce, babban dolomait, suna ne kawai ya rabu saboda harshe. A ƙa'idar yanzu ana raɗa wa shimfiɗa sunan wurin da aka auna ta ƙasa da sama, amma wannan tsohon suna ya riga ya zauna, ba mai taɓa shi.

To, shekarun fa? A nan gizo ke saƙa. Asalinta laka ce ta bakin teku marar zurfi. Ruwa mai sinadarin maganiziyom ya ratsa ta, ya sauya mata jiki, ya shafe yawancin ɓawon halittun da ake dogara da su wajen ƙidaya. Abin da ya fi saura shi ne gurbin wata katantanwar ruwa mai ɓawo biyu, Megalodon, wadda masu jin Jamusanci ke ce wa sawun saniya, kuma wallahi in ka gan ta a jikin dutse haka take. Tana nuna maka ƙarshen Tirayasik, wani tsohon zamani a tarihin ƙasa, amma ba ta tsaga maka shi filla-filla.

Saboda haka maƙwabta ake tambaya. Me ke ƙarƙashinta? A nan, jajayen shimfiɗun Travenanzes. Me ke samanta a Ostiriya? Shimfiɗun Kössen, masu yalwar burbushin halittu. Lambobin kuwa daga wasu wurare ake aro su, inda aka dace da tokar aman wuta mai ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira zirkon, a auna yadda yuraniyom ɗin ciki ya rikiɗe zuwa dalma. Sai a jona wuri da wuri ta ƙananan haƙoran konodont, wata tsohuwar halittar teku, da kuma juyawar maganaɗisun duniya da duwatsu suka riƙe. Da wannan ɗinki aka ajiye yawancin shimfiɗar a Noriyan, wani zango na wajen ƙarshen Tirayasik, kimanin shekara miliyan 227 zuwa 208 da suka wuce. Kada ka zaci gindinta ya fara kwantawa lokaci ɗaya a ko'ina, rabin gardamarmu a kan wannan ce.

In har yanzu kana so, ka zo da hannun da ya iya auna shimfiɗa da zana ta a littafin fili. Darussa da dama da Turanci ake yi, amma tsofaffin taswirori da rahotanni Italiyanci ne da Jamusanci, fara koyon ɗaya tun yanzu. Aikin tsauni kuma 'yan watannin zafi ne kawai, kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Turo min hoton shafi biyu na littafin filinka na shekarar ƙarshe, in gani kafin ka rubuta wa kowane malami.