Amsa ga ɗan'uwanmu mai jin ƙwas-ƙwas a tankinsa na ruwan gishiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari saƙon ɗan'uwanmu da ya ce ya zuba sabon dutse mai rai, wato dutsen teku mai ɗauke da bakteriya da ƙananan halittu, a tankinsa na kiwon kifin ruwan gishiri, yanzu yana jin ƙwas-ƙwas daga cikin duwatsun, katantanwarsa kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tambayarsa ita ce ko jatan landen mantis, wata dabbar teku mai kama da jatan lande mai bugu da hannu, ne ya biyo dutsen, in kuma shi ne, yaya zai yi da shi. Na kuma ji wasu sun ba shi shawarar ya kwashe duwatsun kaf ya zuba musu tafasasshen ruwa. Ɗan'uwa, don Allah ka dakata da wannan. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Abu na farko, ba duk ƙara ce ta mantis ba. Akwai wani ƙaramin jatan lande da shi ma yake ɓuya cikin dutse, mai hannu ɗaya ƙato, wanda ake kira mai bindiga, dangin Alpheus. Shi in ya harba, ƙara ɗaya za ka ji, ƙas, sai shiru, can an jima kuma ƙas. Yawancinsu ba su da wata ɓarna ta a zo a gani. Mantis kuwa aiki yake yi, ko yana fasa kwanso ko yana sassaƙa raminsa, saboda haka bugun yakan zo a jere, ƙwas ƙwas ƙwas, ya huta kaɗan ya ci gaba. To amma kunne kaɗai bai isa shaida ba. Je ka duba kwanson katantanwar da suka mutu. In kwanson lafiyarsa lau, babu kowa ne kawai a ciki, to wataƙila yunwa ce ta kashe su, ko ƙaguwa, ko ruwan ne bai yi musu ba. In kuwa ka ga an huda shi a gefe, ko an farfasa shi, ɓaraguzan kuma a tare a gindin dutse ɗaya, to lalle kana da baƙo, kuma ya nuna maka unguwarsu da kansa.

Yanzu sai neman ramin, kuma nan ne duk aikin yake. Mutane da yawa suna ɗauka sai da tsakar dare yake fitowa, alhali irin waɗanda ke biyo dutse da yawansu da rana suke harkarsu. Ka ja kujera ka zauna ɗan nesa da gilashin, kada ka yi ta motsi. Idonsa ba wasa ba ne. Kowane ido a kan ɗan tsinkensa yake, yana juyawa shi kaɗai ba ruwansa da ɗayan, kuma yana da nau'in ƙwayoyin gane haske daga 12 zuwa 16, mu 'yan Adam 3 gare mu na launi. Kafin ka gan shi ya riga ya gan ka. Ka sa ɗan guntun ɗanyen jatan lande a bakin doguwar tsinke, ka ajiye kusa da inda ɓaraguzan suke, ka koma ka jira. Abin da za ka fara gani idanu biyu ne sun leƙo daga wani rami mai zagaye, suna juyawa ɗaya sama ɗaya gefe, da 'yan gashin baki suna rawa. Sai ya fito rabi, ya fizgi naman, ya koma kamar walƙiya. Wata alamar kuma, da magariba wasunsu sukan toshe bakin ramin da tsakuwa ko guntun kwanso, da safe su buɗe. Ramin da ka gani a buɗe da rana, da dare kuma a rufe, shi ne gidan. Ka ɗauki hoton dutsen da waya don kada ya ɓace maka.

Bari in kwantar maka da hankali a kan maganar da ake yi cewa mantis yana fasa gilashin tanki, don na san ita ce ke hana ka barci. Mantis sun haura nau'i 450, kuma kashi biyu ne manya: masu mashi, waɗanda ke zama cikin yashi suna soke kifi, da masu gudumar hannu, waɗanda ke zama cikin dutse suna fasa kwanso. Masu gudumar su ne ke biyo mu gida. Gaskiya ne bugunsu abin mamaki ne. A 2004 wata masaniya, Sheila Patek, da abokan aikinta sun auna bugun wani babban mantis mai launin dawisu, suka samu gudun hannun yana kai mita 23 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa fa. Saurin har yakan sa kumfa ta tashi tsakanin hannun da kwanson, kumfar ta fashe ta ƙara wa kwanson duka na biyu. Amma shi mai launin dawisun yana kai santimita 18, kuma ba shi ne aka saba samu cikin dutsen da aka saya ba. Wanda ke zuwa a ɓoye yawanci bai wuce tsawon yatsa ba. A dutsen da ake renonsa a tekun Fulorida ta Amurka, Neogonodactylus wennerae aka fi gani, wani ɗan kore ko ruwan ƙasa-ƙasa. A na yankin Indonesiya da maƙwabtanta kuma dangin Gonodactylus ne suka fi yawa. Irin waɗannan ƙananan, gilashin tanki mai kauri na yau da kullum ya fi ƙarfinsu. Abin da ke cikin haɗari shi ne katantanwa, da ƙaguwar nan mai shiga kwanson wani, da ƙananan jatan lande masu share kifi, wani lokaci kuma ƙaramin kifin da ke kwana a ƙasa. Murjani ba abincinsa ba ne, sai dai yakan ɓalli reshe ko ya ja ƙaramin guntu ya yi gini da shi.

Sai kuma yatsanka. Wannan kam da gaske nake. Ko ƙarami ne yana iya tsaga fata har jini ya fito, kuma rauni a ruwan teku yana saurin ɗaukar ƙwayar cuta. Kada ka zura yatsa cikin rami, kada ka ɗauki dutsen da hannu tsirara. Safar hannu mai kauri, ko dogon hantsaki. In tsautsayi ya faɗa ya same ka, wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, in ya kumbura ko ya yi ja yana zafi, ka je asibiti ka faɗa musu a ruwan teku abin ya faru.

To, ka gano dutsen. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka fitar da dutsen da shi a ciki. Ka shirya bokiti biyu tun kafin ka taɓa komai: ɗaya babu kowa, ɗaya da ruwan tankin. Ka tabbatar yana cikin ramin, wato ka gan shi ya shiga da idonka. Sai ka ɗaga dutsen da sauri, da raga ko roba a ƙarƙashinsa tun yana cikin ruwa, domin dabararsa ita ce da ya ji gida ya motsa sai ya sulale ta ƙofar baya ya faɗa wani dutsen, ka koma farko. Ka sa dutsen a bokitin da babu kowa, bakin ramin yana kallon sama. Ka ɗebi ruwan soda, farin nan mai gas wanda ba sukari ba ɗanɗano, a cikin sirinji marar allura, ka tura cikin ramin. Gas ɗin yana shaƙe shi, sau da yawa kafin ka tura na biyu ko na uku za ka ga ya yi tsalle ya fito yana wutsil-wutsil. Nan take ka kwashe shi da raga ka jefa a bokitin ruwan tankin, ya farfaɗo. Ka ɗauraye dutsen da ruwan gishiri ka mayar. Alfanun wannan hanyar, ramin kaɗai ka dama, sauran dutsen da abin da ke kansa suna nan da ransu.

In ramin ya yi rassa, soda ba ta kai gare shi, akwai tsomawa a ruwa mai gishiri fiye da kima. Ruwan tankinmu yana wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Ka haɗa wani a bokiti ya kai 1.035 zuwa 1.040, ɗuminsa daidai da na tankin, ka tsoma dutsen kamar minti ɗaya. Za ka ga tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da sauran mazauna suna ta fitowa, ka tsince masu amfani ka mayar. Wasu da ruwan daɗi suke yi, yana aiki, amma ya fi yin kisa. Ni dai in dutsen yana ɗauke da murjani ko soso mai kyau, ba na son ko wanne daga cikin biyun ya daɗe. Soso ma ko iska ba ya so, in ya sha iska yakan mutu ya ruɓe, amoniya mai guba ta tashi a ruwan.

Wani zai ce ai dutsen nawa shi ne na can ƙasa, komai a kansa yake zaune. To sai tarko. Ka samu ƙaramar gorar roba, ka yanke wuyanta, ka juya shi ciki ya zama mazurari, ka huda ƙananan ramuka a jiki don ƙanshin nama ya fita. Ka sa guntun ɗanyen jatan lande ko naman kifi a can ƙarshe, ka kwantar da ita bakinta dab da ramin, ka danne da tsakuwa. Zai fi kyau ka kwashe katantanwa da ƙaguwoyin zuwa wani wurin na 'yan kwanaki, don yunwa ta kama shi, su ma su tsira. Kada ka bar naman ya wuce dare ɗaya a ciki, zai ɓata ruwa. Sannan ka sani wannan dabba tana koyo. In ya shiga ya kuɓuce sau ɗaya, da wuya ya sake kusantar wannan gorar, sai ka canza siffar tarkon ko wurinsa. Saboda haka in ka ga ya shiga, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo, toshe bakin ka fitar.

Abubuwa biyu nake roƙonka kada ka yi. Kada ka zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe don ka kashe shi. Zai kashe duk wani mai kwanso da murjanin da ke tankin, dutsen kuma ya shanye shi ya riƙa sakinsa a hankali har tsawon lokaci. Kuma kada ka sayo kifin tiriga, mai haƙoran fasa kwanso, wai don ya cinye shi. Tiriga zai fara da katantanwar da kake son ceta, shi kuwa mantis yana can ƙuryar ramin da bakin kifin ba ya kaiwa. Ka ƙara wa kanka baki mai ci ne kawai. Maganar tafasasshen ruwa kuma, ban da kashe bakteriyar da ke tace maka ruwa, wadda saboda ita ka sayi dutse mai rai tun farko, akwai haɗari ga kai kanka. Wasu ƙananan murjani masu laushi, dangin Palythoa, suna da dafi mai tsanani, kuma tururinsu ya sha kwantar da mutane a asibiti, har da iyalin da ke cikin gidan. Wannan ba abin gwaji ba ne ko kaɗan.

To in ka kama shi fa? Ni a ganina kada ka kashe shi. Ba shi ya zaɓi zuwa ba, gidansa aka ɗauko da shi a ciki. Kuma wallahi a cikin duk abin da ake kiwo a ruwan gishiri, kaɗan ne suka kai shi ban sha'awa. Ƙaramin tanki na lita 20 zuwa 40 ya ishi irin waɗannan ƙananan, shi kaɗai, da yashi, da dutse mai ramuka ko guntun bututun roba, da tarin tsakuwa don ya yi gini, da murfi. Ɗumin ruwa digiri 24 zuwa 26 na Salshiyas, gishiri kamar na babban tankin. Ka ba shi guntun jatan lande ko naman kifin teku bayan kwana biyu ko uku, lokaci-lokaci kuma katantanwa mai kwanso don ya motsa gudumarsa. Bayan 'yan makonni za ka ga yana leƙowa in ka shigo ɗakin, yana bin ka da ido. In ya toshe ramin ya ɓace kwana da kwanaki, kada ka tona, saɓa yake yi, jikinsa da laushi a lokacin, kuma yakan cinye tsohon kwanson. In ba ka da wurin ajiye shi, ka yi magana a nan, da wuya a rasa mai so, ko ka tambayi inda ka sayi dutsen ko za su karɓa. In kana da tankin tacewa a ƙasa, zai iya zama can na wucin gadi, muddin ka kare bakin famfo da raga. Abin da ba a yi shi ne sakinsa a teku ko a kwata.

Ga masu shirin sayen dutse kuma, ku fara ajiye shi a wani baho daban, da hita da famfo, mako biyu zuwa huɗu. Ku ɗora shi a kan raga ya ɗan ɗaga daga ƙasa, ku sa nama a ƙasan bahon da dare, ku riƙa saurare. Duk wanda zai fito gara ya fito a can, inda ɗaga dutse ba ya rusa komai. Wanda ba ya son wannan wahalar gaba ɗaya sai ya fara da busasshen dutse, ya haƙura da jiran watannin da zai ɗauka kafin ya rayu.

Ɗan'uwa, ka turo mana hoton kwanson da suka fashe, da na ramin in ka same shi, in da hali har da sautin ƙarar. Kuma ka faɗa mana daga wane teku aka ce dutsen ya fito, zai taimaka wajen gane ko wane iri ne. Kafin nan dai ka kwashe sauran katantanwar yau ɗin nan. Allah ya ba da sa'a. Wassalamu alaikum.