Filin Tambaya da Amsa: Ganyen Fulawata Yana Laushi Yana Ruɓewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da moda, wannan fulawa mai dogon ganye a tsaye da ratsin rawaya a gefe, na shuka ta a bokitin fenti a falo. Tun da damina ta kankama ganyenta suka fara laushi daga gindi, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, in na taɓa sai ruwa mai yauƙi ya fito. Kullum da safe ina ba ta ruwa, har takin zamani na ƙara mata, amma abin sai gaba yake yi. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, unguwar Yelwa, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan nan na kullum da safe shi ne yake kashe ta. Moda tana tara ruwa a ganyenta, shi ya sa ganyen ke da kauri, kuma saiwarta tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ƙasa ta zauna jiƙe jagab kwana da kwanaki, ruwa ya cike duk ƴan kafofin da iska ke bi, saiwar ta shaƙe ta mutu, ƙwayoyin cuta da ke cikin ƙasar su afka mata. Daga nan ruɓar ke hawowa gindin ganye. Abin da ke ruɗa mutane shi ne saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai shukar ta yi yaushi tamkar mai ƙishi, mai ita kuwa ya ƙara tuttula mata.

Me ya sa sai yanzu? A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ƙasar bokiti na bushewa da wuri, don haka yawan ruwan bai yi ɓarna ba. Da damina ta sauka, musamman a Agusta, iska ta yi laima, ƙasa ba ta bushewa, ke kuma ba ki rage hannu ba. Takin da kika ƙara bai taimaka ba: saiwar da ke ciwo ba ta cin taki, ƙona ta yake ƙara yi.

Yau ɗin nan ki kifar da bokitin ki zaro shukar gaba ɗaya. Ki karkaɗe ƙasar, ki ɗauraye saiwar, sannan ki duba da kyau a wuri mai haske. Lafiyayyar saiwar moda tana da ƙwari, launinta fari ne ko ruwan lemo. Wadda ta lalace baƙa ce ko ruwan ƙasa, in kika ja ta da yatsu biyu sai ɓawonta ya zame ya bar siririn zare. Ki kuma sansana. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba komai ba ne, amma in ɗoyi ya bugi hancinki, ruɓar ta yi nisa kuma tana saurin kama na kusa, don haka ki raba ta da sauran fulawowinki.

Sai yanka. Ki samo sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, ki haɗa ruwan jabel (bilic ɗin wanki) awo ɗaya da ruwa awo tara, ki riƙa tsoma ta a ciki bayan kowane yanka, don kada ki kwashi cutar daga ruɓaɓɓen wuri ki dasa ta a mai lafiya. Duk ganyen da gindinsa ya yi laushi tuɓus ki cire shi baki ɗaya, ba zai warke ba ko da samansa kore ne shar. A ƙarƙashin ganyen akwai kututture mai kauri da ke kwance cikin ƙasa kamar ɗanyar citta, kuma a nan ran shukar yake. Ki riƙa yanka shi kaɗan-kaɗan har ki kai inda cikinsa fari ne fes, babu ɗigon baƙi ko ɗaya. Mutane kan ji tausayi a nan su tsaya da wuri, bayan mako biyu ruɓar ta dawo. Gara ki wuce da santimita ɗaya cikin mai lafiya.

Ki barbaɗa garin gawayi a kan yankan, ki shimfiɗa shukar a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana biyu zuwa uku, har bakin yankan ya bushe ya yi ƙanzo. Kada ki damu, moda na jure zama haka a wajen ƙasa fiye da mako.

Tsohuwar ƙasar ki zubar da ita nesa. Sabuwar kuma ga haɗinta: yashin kogi mai gwari-gwari awo biyu, ƙasar lambu ko takin gargajiya da ya ruɓe sarai awo ɗaya, dakakken gawayi ko fasasshen jan bulo awo ɗaya, gutsattsarinsa kamar girman ƙwayar gyaɗa. Ku mutanen Garwa ga yashin Binuwai a kusa, sai dai a wanke shi a rairaye garin a bar mai kaurin. Abin da za ki guje wa shi ne baƙar lakar fadama irin wadda ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta. A gona tana da amfani domin riƙe ruwa ne aikinta, a tukunyar fulawa kuwa shi ne aibinta. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ki jiƙa shi, ki dunƙula a hannu, ki buɗe. In ya warwatse, ya yi. In ya tsaya dunƙule, ƙara yashi.

Bokitin fentin ma yana da laifi, musamman in ba a huda shi ba. Tukunyar ƙasa ta fi, domin jikinta na fitar da danshi. In bokitin za ki ci gaba da amfani da shi, ki wanke shi da ruwan jabel ɗin nan, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindinsa wuri biyar ko shida, kowane rami ya kai faɗin fensir. Zuba tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da rami ba ya maye gurbin hudawa, ruwan na nan kwance. Kuma tunda saiwar ta ragu, ki rage girman mazubin: yatsa biyu tsakanin saiwa da jikin tukunya ya isa. Ƙaton mazubi ƙasa ce mai yawa da ke riƙe ruwan da ba mai shan sa.

Ki dasa ta daidai zurfin da take a da, kada ƙasa ta binne gindin ganye. Kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda, taki kuwa sai kin ga sabon tsiro. Daga nan ki daina bin kalanda. Ki soka tsinken tsintsiya har gindin tukunya ki zaro: in ya fito da danshi ko ƙasa manne, ki ƙyale ta. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa a kan ƙasar, ba cikin tsakiyar ganye ba, har ya tsiyaya ta ƙasa, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti, wanda dama gidan sauro ne. A falo da damina ko hunturu, sau ɗaya a mako biyu zuwa uku yakan wadatar. Da bazara tana iya neman kowane mako.

In kututturen duk ya tafi, ki yanki saman ganyen da ke da ƙwari gunduwa-gunduwa, kowace santimita 8 zuwa 10, ki yi wa ɓangaren ƙasa alama domin in kika juya shi ba zai yi saiwa ba. Ki shanya kwana biyu, ki soka cikin yashi mai ɗan danshi. Saiwa kan fito cikin wata ɗaya zuwa biyu, amma ki sani sabon tsiron yakan fito ba ratsin rawayan nan.

TAMBAYA: Muna da fulawa mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari a ofis. Ba ma cika mata ruwa, amma ganyen gefe ɗaya sun yi tabo kamar an zuba musu ruwan zafi, sun yi laushi. Daga wani ma'aikaci, Njamena.

AMSA: Malam, tunda gefe ɗaya ne, duba ko shi ne ke fuskantar na'urar sanyaya ɗaki. Iskar da ke fitowa daga bakin na'urar ta fi ta tsakiyar ɗakin sanyi nesa ba kusa ba, kuma shukar ƙasar zafi ba ta jure ta buga ta wuni guda. Sanyin na fasa ƙwayoyin ganyen, ruwansu ya malala a ciki. Ka matsar da ita aƙalla mita biyu daga hanyar iskar, ka yanke ganyen da suka lalace daga tushe. Ka latsa karan: in da ƙwari, za ta sake ganye. Kwatancenka ya yi kama da Dieffenbachia, ita kuwa ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi da kumburin baki, don haka ka sa leda a hannu in za ka yanka, kada kuma yara su kai ta baki. Ita ba a shanya ta kwanaki kamar moda.

TAMBAYA: Alobera ta ganyenta sun yi laushi sun lanƙwashe. Ruɓa ce? Daga wata ɗaliba, Domayo, Marwa.

AMSA: Ƙanwata, latsa ganyen ki gani. In ya sirance, ya yamushe, gefensa ya naɗe ciki, amma ba ruwa ba wari, kuma gindin na da ƙwari, ƙishi ne, abin da ya zama ruwan dare a Marwa da bazara. Ki ba ta ruwa har ya tsiyaya, ki kawar da ita daga ranar azahar, cikin mako guda ganyen zai fara cikowa. In kuwa ya kumbura, ya yi garai-garai, ya fashe a yatsa, ki bi duk abin da muka faɗa wa Hajiya a sama. Bambanci ɗaya ne: alobera da wuya ta tsiro daga yankakken ganye, sai ki cire ƴaƴan da ke fitowa a gefenta, waɗanda suka kai tsawon yatsa da saiwarsu, ki dasa su a wata tukunya.